Raye Ko Ya Rasu

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Ku yabi Ubangiji! A'a, na baya ban ji ku ba. Ku yabi Ubangiji!

Sunana Hannatu, amma yawancinku Maman Rahila kuka sani, mai masa a bakin hanyar Badariya. Fasto ya ce in taƙaita. Zan yi ƙoƙari, Fasto, amma abin da na haɗiye shekara goma sha shida ba zai fito a numfashi ɗaya ba.

Ni da mijina Ishaku mun zo Birnin Kebbi ba da daɗewa da ba mu jiha ba, lokacin rabin Badariya gonakin gero ne. Shi direban babbar mota ne, yana kai albasa kudu. Rahila tana da shekara biyu ya ɗaura lodi wata Litinin, ya leƙo ta tagar mota ya ce in ajiye masa tuwo ranar dawowa. Bai dawo ba. An sami motar a wata tasha can kudu, lafiyarta lau, shi ne babu. Ba gawa, ba saƙo, ba wanda ya ce ya gan shi. Lokacin babu wayar hannu balle a kira.

Daga nan na zama abin da ba shi da suna. Ni ba matar aure ba, ni ba gwauruwa ba. Tsofaffin cikinku sun tuna: duk Kirsimeti in an ce gwauraye su fito gaba a yi musu addu'a, ina zaune. In an ce ma'aurata su tashi su riƙe hannun juna, ina zaune. Har kujerar ta san ni.

Kuma kullum da yamma ina zuba masa tuwo a langa in rufe. Kullum! Da safe in ɗumama mu ci ni da Rahila. Yarinyar nan da ɗumamen ubanta ta girma.

Ishaku yana da wa a Argungu, sunansa Markus. Shi ne babba a gidansu, shi ke riƙe da gonar fadamar da mahaifinsu ya bar musu. Tun watan farko Markus ya hana a yi zaman makoki, ya ce ba a makokin wanda ba a ga gawarsa ba. Amma duk inda ya zauna yana gaya wa mutane ni mayya ce, ni na cinye masa ƙane. Ku duba fa: bai mutu ba da za a yi masa makoki, amma ya mutu da za a ce ni na ci shi. Haka na zauna a tsakani.

Rahila ta girma, Allah ya ba ta kai. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta ce aikin jinya take so. Makarantar koyon jinya ta ce bana babu fom na takarda, sai ta kwamfuta, kuma ranar Juma'a za a rufe. Muka ɗauki takardunta muka tafi Nasarawa, shagon Malam Sanusi, wani dattijo Musulmi mai cika wa mutane fom.

'Yan'uwa, ni ban taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar. Da farko ta ce hoton Rahila ya yi nauyi. Na ɗaga hoton a tafin hannuna na ce, "Malam, wannan ne ya yi nauyi?" Ya yi dariya ya ce zai rage shi. Ya rage, ta ce ya yi ƙanƙanta. Ya gyara, aka ɗauke wuta. Kafin ya tada janareta duk abin da muka rubuta ya goge, muka koma daga sunan farko. Muna cikin na biyu sabis ya tafi, wani ɗan zobe yana ta juyawa a fuskar kwamfutar kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Na ce ba komai, ni na saba da jira.

A karo na uku muka wuce suna, muka wuce ƙaramar hukuma, muka wuce sakamako. Sai muka iso wani akwati. Malam Sanusi ya karanta ya fassara mini: "Mahaifi: raye, ko ya rasu?"



Ya ce, "Maman Rahila, wanne za mu taɓa?"

Na ce, "Malam, babu na uku?"

"Babu."

"To ka rubuta ba mu sani ba."

Ya ce, "Wanga ba wurin rubutu ba ne, wurin zaɓe ne. Kuma kin ga jan tauraron ga na gefe? In shina nan, ba a tsallakewa."

Ya yi mini bayani a hankali. In mun ce raye, sai mun sa lambar wayar uban, makaranta ta aika masa wasu 'yan lambobi, ya karanto mana, mu zuba, shi ne yardarsa. In mun ce ya rasu, sai mun sa hoton takardar rantsuwa ta kotu, wadda wani namiji daga dangin uban ya tsaya shaida.

Na ce ya sa raye, ya sa lambata. Ya sa. Nan take jan rubutu ya fito: sunan da aka yi wa layin rajista ba sunan mahaifin ba ne. Ashe sun haɗa fom ɗin da rajistar layi. Malam Sanusi ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. Ya rufe ya sake buɗewa. Ya koma ɗaya kwamfutar. Ya bar wurin babu komai ya danna gaba, ta dawo da shi baya. Ya kira lambar da makaranta ta ce a kira in an sami matsala, tana ta ƙara ba mai ɗauka.

Washegari Rahila ta tafi makarantar da ƙafarta. Ta sami wani ma'aikaci yana cin gyaɗa, ta yi masa bayani. Ko kai bai ɗaga ba. Ya ce, "Ke ba ki san ko ubanki na da rai ba, ni za ni sani? Je ki tono shi ki tambaye shi." Na kusa da shi suka kwashe da dariya.

Ta dawo shagon Malam Sanusi inda nake jiranta, idonta ja wur. Ta tsaya a kaina, a gaban mutane, ta ce, "Mama, don Allah ki bari a ce ya mutu. Ki bari shi mutu mu huta."

Wayyo Yesu! Shekara goma sha shida bakina bai taɓa furta kalmar nan ba. Ko a mafarki ban taɓa binne Ishaku ba. Yau 'yar da na goya ita ke roƙona in kashe shi. Kuma gaskiyarta ce, don rayuwarta ce ta tsaya a bakin akwatin nan.

Ranar Alhamis da safe na hau mota zuwa Argungu.

Lokacin girbin shinkafa ne. Na tarar da gidan Markus cike da mutane, mata suna sheƙa, maza suna ɗinke buhuna, shi yana zaune a kan buhu a inuwar darbejiya. Yana hango ni ya ɗaga murya: "Ku ɓoye ɗiyanku, mayyar Badariya ta zaka!"

Na durƙusa na ce, "Yaya, ina kwana."

Bai amsa ba. Ya bar ni a rana har inuwata ta dawo ƙarƙashin ƙafata. Ba wanda ya ba ni tabarma, ba wanda ya ba ni ruwa. Matarsa Lami, wadda in ta zo asibiti Birnin Kebbi a ɗakina take sauka, tana sheƙa tana kallon faifanta.

Can ya ce, "Mi yak kawo ki?"

Na gaya masa komai: fom, jan tauraro, kotu, Juma'a. Na ce, "Yaya, Rahila jininku ce. Sa hannu kawai, ba abin da zan sake nema wurinka har in mutu."

Ya yi murmushi ya ce, "Yau ke da bakinki kike son a ce ya mutu? Ashe kin sani. To shi ke nan, ni mai sauƙin kai ne. Duƙa nan tsakiya, ki hwaɗi gaban kowa ke kic cinye shi. In kin hwaɗi, gobe da sahe in bi ki kotu."

Aikin sheƙa ya tsaya. Surukinsa, mijin babbar 'yarsa, ya ciro waya ya matso kusa da bakina zai ɗauki murya.

'Yan'uwa, kada kowa ya gaya mini abin da ya kamata in yi. Ba ku nan. Ni a lokacin ba Markus nake gani ba, Rahila nake gani cikin farin kaya. Na ce a raina sunana ai tuntuni ya ɓaci, me ya rage? Na sa gwiwata a kan ƙaiƙayin shinkafa, yana soka ta, na ce, "Ni na cinye Ishaku."

Ya ce, "Ba mu jiya ba."

Na ɗaga murya: "Ni na cinye Ishaku!"

"Da mi kic ci shi?"

Na ce, "Da maita."

Wata mata ta fizge ɗanta ta shige ɗaki da shi. Markus ya tafa hannu, ya yi dariya har yana riƙe ciki. Ya juya ga mutane ya ce, "Kun dai jiya da kunnenku. To ni, dattijon ikilisiya, in tahi kotu in tsaya ma mayya shaida? Tashi ki ba mu wuri, muna da aiki."

Na ce, "Yaya, ka yi alkawari."

Ya ce, "Ba a alkawari da mayya."

Ban tashi ba. Na kifa goshina a ƙasa, cikin ƙaiƙayi, na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba. Ba irin ta zumuntar mata ba ce mai ladabi, faɗa na yi da Ubangiji, da ƙarfi, kowa yana ji. Na ce, "Yesu, kana kallo? Na jira, ban bi wani namiji ba. Na rufe tuwo har langa ta tsufa. Yau na yi wa kaina ƙarya don 'yata, ita ma ƙaryar ba ta saya mini komai ba. Ba ni da sauran dabara. Kai ka san inda Ishaku yake, ko cikin ƙasa ko bisa ƙasa. In kana nan, ka buɗe bakin wani!"

Suna ta dariya. Wani ya ce aljanun maitar ne suka tashi.

Sai muka ji murya daga ɗakin ƙuryar gida. Inna ce, mahaifiyarsu. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya rufe, hankalinta wata rana yana nan wata rana ya tafi, shi ya sa ba a fito da ita cikin mutane. Ta lallabo ta dafa ƙyauren ɗaki ta ce, "Wa ka kuka haka? Kamar muryar Hannatu."

Wata jikarta ta ce, "Ita ce, Inna. Ta amsa ita tac cinye Baba Ishaku."

Inna ta ce, "Wane Ishaku? Ishakuna? Haba, ku bar wasan banza. Ba shekaranjiya munka yi magana da shi ga wayar Markus ba? Har yac ce shina aiko man da zane."

Ina jin kukan tantabaru a kan rumbu.

Markus ya miƙe ya ce, "Tsuhwa ce, ta ruɗe. Ku mai da ta ɗaki!"

Inna ta ce, "Ban ruɗe ba. Har ɗiyanai sun gaishe ni, ɗaya bayan ɗaya."

Faifan da ke hannun Lami ya faɗi, shinkafa ta watse.

Haleluya! Ku taya ni cewa Haleluya! Na roƙi a buɗe bakin wani, Ubangiji ya tsallake masu ido da masu wayo, ya je ɗakin ƙurya ya buɗe bakin makauniyar da suka manta tana ji.

Markus ya ɗauki sanda ya kore ni har ƙofar gida. Ban ma ji zafin sandar ba. Na kama hanyar tasha ina tafiya kamar wadda ta sha magani.

Ina zaune a mota ana jiran ta cika, sai ga Lami da mayafi ta rufe rabin fuska. Ta tsaya a bakin taga ta ce, "Ba ni wayarki." Na ba ta. Ta danna lamba daga kanta, ko tunani ba ta tsaya yi ba, ta miƙo mini.

Ta ce, "Shina kudu, inda kasuwar albasa. Ya yi aure, ɗiya biyar. Shi da Markus sunka shirya: Markus shi noma rabonai na hwadama, shi kuma shi kama bakinai. In Markus ya rantse kotu cewa ya mutu, ya yi rantsuwar ƙarya, kuma rabon gona ya koma ga Rahila. Don haka ba shi sa hannu ko kin kwana duƙe."

Na ce, "Tun yaushe kika sani?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun shekarar hwarko."

Tun shekarar farko! Matar nan ta kwana a ɗakina. Ta ga ina rufe langa da yamma. Ta ci ɗumamen da safe, har ta ce miyar ta yi daɗi. Ban gode mata ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, har yau ban gode mata ba.

Kafin motarmu ta iso Birnin Kebbi, muryata ta riga ni isowa. Surukin Markus ya tura ta waya zuwa waya. Amma maganar Inna ba wanda ya ɗauka, ita ba ta da mai turawa.

Ranar Juma'a, ranar rufewa, ni da Rahila muka isa shagon Malam Sanusi da hantsi. Shagon cike da yara da iyayensu masu neman cikawa a ƙurarren lokaci. Ina shiga, matar da ke kan benci ta janye jikinta, ta janye jakarta. Wani ya kunna wayarsa a hankali, na ji muryata tana cewa "da maita". Rahila ta kama hannuna ta matse.

Malam Sanusi ya ɗago kai ya ce wa mai wayar, "Kashe wanga abu ko ka hita." Ya jawo mini kujera da hannunsa ya ce, "Zamna, Maman Rahila. Wanne za mu taɓa?"

Na ce, "Raye."

Ya dube ni, bai tambaye ni komai ba. Ya taɓa. Na karanto masa lambar da Lami ta ba ni. Ɗan zoben nan ya fara juyawa, yana juyawa, yana juyawa. Sai wurin da kullum yake yin ja ya yi kore. Malam ya ce a hankali, "Sunan ya yi daidai."

A nan ne na yarda. Maganar Inna na ce ko ruɗu ne, maganar Lami na ce ko wani sabon wulaƙanci ne. Amma injin nan da bai san ni ba, ba ya sona ba ya ƙina, ya ce akwai wani Ishaku mai wannan layi, ya je da ƙafarsa ya yi rajista, ya dangwala yatsa.

Malam ya ce, "An aika mai da lambobin. Kira shi maza, ba su daɗewa suke mutuwa."

Na kira. Ta yi ƙara, aka ɗauka.

"Wa ke magana?"

Muryar nan ba ta canza ba, 'yan'uwa. Ko kaɗan. Ita ce ta ce in ajiye tuwo.

Na ce, "Hannatu ce."

Ƙit, ya kashe.

Na sake kira, bai ɗauka ba. Na sake, ya ƙi. Muna kallo lokacin ya cika, lambobin suka mutu, wurin ya koma ja. Malam Sanusi ya ce za a iya neman wasu, amma in aka yi ta nema ba a zubawa, fom ɗin zai kulle kansa, kuma yau babu gobe. Mutanen da ke layi suka fara gunaguni, wai mun cinye musu lokaci. Wata ta ce, "Ai cin abu sana'arta ce." Na ji ta sarai, kuma na san ta.

Ga lokacin sallar Juma'a yana matsowa, Malam zai rufe shago. Ya duba agogo, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Bai san wagga lamba ba. Ina sake nema yanzu. In ya ɗauka, kada ki tsaya gaisuwa."

Na rufe ido na ce, "Yesu, ka riƙe harshena, ka riƙe yatsansa." Malam ya danna, ya buɗe muryar wayar yadda zai ji lambobin da kunnensa. Aka ɗauka.

Na ce, "Ishaku, kada ka kashe. Ba kai nake nema ba, na daina nemanka tun jiya. Ba na son kuɗinka, ba na son bayaninka. Wasu lambobi sun shigo wayarka yanzu, na makarantar 'yarka ne. Karanto su, ka koma inda ka fito."

Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa, wani yana kiran farashin buhu. Ni da na shirya maganganun da zan gaya masa in ya dawo, shekara da shekaru ina gyara su a kan tandar masa, ga shi abin da ya rage tsakanina da shi lambobi ne.

Sai ya fara karantowa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanta lambar mota. Malam yana zubawa. Ta ƙarshe ta shiga, wurin ya yi kore.

Da ya kashe a nan, da na ce ya yi abin kirki ɗaya a rayuwarsa. Bai kashe ba. Ya yi gyaran murya ya ce, "Hannatu… yarinyar, ya ma sunanta?"

Duk shagon ya ji. Rahila tana tsaye a bayana, ta ji.

Na ce, "Kai ka raɗa mata shi." Na kashe wayar.

Rahila ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta sunkuya ta gefen Malam Sanusi, ta ɗora hannunta a kan ɗan abin nan da ake ja, ta kai kibiyar kan wurin aikawa, ta danna da kanta. Zoben ya juya sau ɗaya, fom ya wuce. Injin bugawa ya turo takarda da hotonta da sunanta a sama. Ta ninke ta, ta ce, "Mama, mu tafi gida."

Da yammar nan na tuƙa tuwo. Hannuna ya kai kan langa da kansa, don ya saba. Na tsaya ina kallonta. Sai na ji wani nauyi da ban ma san ina ɗauke da shi ba ya sauka daga wuyana. Na zuba na mutum biyu, na wanke tukunya. Washegari, karo na farko tun tana goye, Rahila ta karya da sabon abinci.

Ku yabi Ubangiji!

Makaranta ta ɗauke ta. Ga ta can a layin mawaƙa, ta zo hutu. Rahila, tashi su gan ki. Tashi mana, kunyar me? Wannan ita ce yarinyar da aka ce ta je ta tono ubanta. Watan jiya ita ta yi wa Fasto allura, ku tambaye shi ko ya ji zafi.

Yanzu bari in juyo kanku, don ban zo nan in shafa wa kowa mai ba. Da muryar nan ta zaga, wasu da ke zaune a nan sun daina sayen masata. Wata ta zare jaririnta daga cinyata a cikin wannan majami'a, ana tsakiyar waƙa. Wani ya je ya ce wa Fasto a hana ni cin jibin Ubangiji. Ba zan kira suna ba, kun san kanku, ga wasu nan sun fara duba takalmansu. Kun ji inda na ce na ci mutum, kun tura wa 'yan'uwanku. To mutumin da na ci yana kudu yana sayar da albasa, yana ɗaga waya. Wannan ma ku tura.

Maganar gona tana hannun dattawa, sun sauke Markus daga kujerarsa ta dattijon ikilisiya. Inna ta rasu da damina. Na je jana'izarta, don ita kaɗai ce a gidan ta taɓa faɗa mini gaskiya, ko da ba ta san ta faɗa ba. Ishaku bai zo binne uwarsa ba. Zanen ma bai aiko ba.

In kun tambaye ni ko na yafe musu, zan ce Fasto yana aiki a kaina, Ruhu Mai Tsarki ma yana aiki. Wata rana in tashi na yafe, wata rana in ji ƙaiƙayin nan a gwiwata. Ku ci gaba da yi mini addu'a. Amma jira kam an cece ni daga gare shi, kuma ba zan koma ba.

Na zagi kwamfutar nan a raina, na ce muguwa ce, ba ta da tausayi. Mutane sun bar ni a tsakani shekara goma sha shida, don zamana a tsakanin ya yi musu daɗi. Ita ce ta fara cewa ba za a wuce ba sai an faɗi ɗaya. Ubangiji ya sa ta tare mini hanya, ya tura ni Argungu, ya bar ni na kai ƙasa, sannan ya yi magana.

Kirsimeti mai zuwa in an kira gwauraye, ina zaune. In an kira ma'aurata, ina zaune. Amma bana ba wanda nake sauraron sallamarsa a ƙofa. Langar kuma ban jefar ba. Duk Asabar ina cika ta da masa mai zafi in hau keke in kai wa Rahila makaranta, ta cinye ita da ƙawayenta, ta miƙo mini ita babu komai a ciki.

Na gode wa Yesu da ya ji faɗan da na yi da shi bai yi fushi ba. Na gode masa don bakin Inna, na gode masa don Malam Sanusi da ya jawo mini kujera ranar da 'yan'uwana suka janye tasu. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin da ya tsaya maka ya ƙi gaba ya ƙi baya, kada ka durƙusa wa mutum kamar yadda na yi, ba abin da zai ba ka sai dariya. Ka durƙusa wa Yesu, ka gaya masa yadda abin yake, ko da kuka ko da faɗa. Yana ji, kuma ya san wanda zai buɗe wa baki.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa har abada. Amin!